Idon Baba Gopal

Shayin ya malale a kan tebur, ya bi gefen faranti yana ɗiga a ƙasa, amma Baba Gopal bai daina tsiyayawa ba. Matarsa Damaris tana tsaye a ƙofar kicin tana kallonsa. Kofin yana can gefe, babu ko ɗigo a cikinsa.

"Baban Mercy, ajiye butar nan."

Ya ajiye. Ya laluba teburin, ya ji danshi, ya janye hannunsa.

"Tun yaushe?" in ji ta.

"Idon hagun ya daɗe. Na daman kuwa jiya ne. Kamar an ɗiga tawada cikin ruwa."

Ta ɗauko tsumma ta goge teburin, ta durƙusa ta goge ƙasa. Tana jira ta ji tsoro ko haushi, ba ta ji ko ɗaya ba. Ta leƙa ta katanga ta kira Nicholas, maƙwabcinsu mai napep, ta ce asibitin ido za su.

Gopal yana saurayi ya zo daga Indiya, lokacin da masaƙun Kakuri ke ci dare da rana. Injin saƙa yake gyarawa, ita kuma tana sayar da abinci a bakin get. Da masaƙar ta mutu, mutanensa suka tattara suka koma gida, shi ya zauna. Ya kama shago yana gyaran keken ɗinki, suka gina ɗakuna uku a Unguwar Boro, 'yarsu ɗaya, Mercy, ta yi aure a Abuja. Ciwon suga ya kama shi tun Mercy tana sakandare, duk da bai taɓa ƙiba ba.

A asibiti aka ɗiga masa magani a ido, aka ce su jira. Suka zauna a benci cikin mutane masu auduga a fuska. Wata mata tana ba da labarin tsadar tumatir. Damaris ta saurare ta tun daga farko har ƙarshe, har tana gyaɗa kai.

Likitar ba za ta girmi Mercy ba. Ta daɗe tana haska idon, sannan ta juyo.

"Mama, jijiyoyin bayan idon ne suka fashe, jini ya zuba a ciki. Suga ne ya ci su."

"Amma likita, ba kullum yake hawa ba. Wata rana in an gwada ma ƙasa yake, har jikinsa na rawa."

"In ya yi rawar, me yake sha?"

"Lemon kwalba."

"To ai shi ke nan. Ya sha magani da safe, ya wuni a shago bai ci ba, ya faɗi. Ya sha zaƙi, ya haura sama. Hawa da saukar nan ma ɓarna ce, jijiyar ido ba ta jure ta."

Baba Gopal ya ce, "'Yata, faɗa min gaskiya. Zan koma shago?"

"Na hagun ba na sa rai, Baba. Na daman ana iya cetonsa, amma sai da aiki, kuma injinmu ya lalace tun bara. Ba abin jinkiri ba ne." Ta juya gare shi. "Ba ka da kowa a Indiya? Ai mutanenmu ma can suke tafiya."

"Ba ni da kowa."

Damaris ta dubi bangon. Ta san akwai Lata, 'yar yayarsa da ta rasu, ma'aikaciyar jinya ce a can. Takan kira shi lokaci lokaci, kullum maganarta ɗaya, ya zo gida. Shi kuma ya amsa a gajarce ya kashe wayar.

Da suka fito, rana ta doke shi, saboda maganin ya buɗe masa ido. Ta cire gyalenta ta yafa masa a ka, ta riƙe shi har cikin napep. Nicholas ya dube su ta madubi, ya tayar da napep ɗin.

A Sabon Tasha suka tarar da cunkoso. Bas bas sun tsaya a tsakiyar titi suna lodi, kwandastoci na ihun neman masu zuwa Kakau. Nan ta ji gwiwarsa tana karkarwa a jikin tata. Gumi ya jiƙa masa riga. Sai a lokacin ta tuna ya sha maganinsa da safe, kuma ko shayin bai samu ya sha ba.

Ta yafito wata mai sayar da lemo a cikin kula a bakin hanya, ta karɓi lemo mai sanyi, ta buɗe ta kai masa baki. Yana sha tana riƙe da gindin kwalbar, tana kallon ruwan yana sauka.

Da rawar ta lafa, ta ce, "Me ya sa ka ce ba ka da kowa?"

"Maman Mercy, in na je can, ba za su bar ni in dawo ba. Tsoho, makaho, ga suga. Lata za ta ce wa zai kula da ni a nan."

"Ni fa?"

"Ke ma ba ki da lafiya. Hawan jini ya ishe ki."

"In ka zauna kuma?"

"In na zauna, na san inda komai yake. Ko a duhu zan kai kaina bayi."

Nicholas ya ce, "Baba, Allah zai kawo sauƙi."

A gida ta zaunar da shi a falo, ta ja labule, ta dafa masa acca da ganye. Ya ci kaɗan. Ta kwashe kwanukan ta wanke, ta wanke har waɗanda ba su da datti. Daga nan ta ɗauki wayarsa daga kan talabijin, ta nemo sunan, ta danna. Da aka ɗauka, ta gaisa da ɗan Turancinta, ta saka masa wayar a hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Waye?"

"Lata ce. Faɗa mata abin da likita ta ce."

Ya kai wayar kunnensa. Daga can muryar tana ta kiransa. Sannan ya fara magana da yarensu, da farko a hankali, yana tuntuɓe, daga baya kalmomin suka ɓalle masa kamar an buɗe famfo. Tun aurensu ba ta taɓa jin ya yi doguwar magana haka da wannan yaren ba. Muryarsa ma ta sauya, ta zama ta wani mutum da ba ta sani ba.

Ta zauna a hannun kujera ta harɗe hannu a cinya. Ba ta gane ko kalma ɗaya ba, sai sunanta, da ta ji yana ta faɗowa a tsakiyar maganar.