Termos ɗin Makka

"Kai ka fasa shi, Mushe, kuma da gangan," in ji Delu, tana nuna Faruk da murfin termos. Murfin kaɗai ya rage.

Suna zauren mai unguwar Gamkalley, a Yamai. Faruk malamin lise ne, wato babbar sakandare, shi ya sa ake ce masa Mushe; yana haya a gidanta. Termos ɗin kuwa marigayiya yayarta Zuwera ce ta kawo mata daga Makka, shekara goma sha ɗaya bai taɓa barin kunu ya huce ba. Da safe ya zo aro, ita ta ɗauka shayi zai zuba.

Mai unguwa ya ce, "Mushe, muna jin ka."

Faruk ya gyara tabarau. "Baba, darasi nake shiryawa. A sararin samaniya babu iska. In abu ya fashe can, ba a jin ƙara. Haɗarin shi ne ɓaraguzai, tafiya za su yi ta yi, ba abin da zai tsayar da su. To, tsakanin gilasan termos ma babu iska. Sai na kunna petar, 'yar abar fashewar nan ta wasan sabuwar shekara, na jefa ciki na rufe, in ji ko ƙarar za ta ragu."

"Ta ragu?" in ji mai unguwa.

Delu ba ta bar shi ya amsa ba. "Har Kirkissoye, can hayin kogi, an ji. Akuyata ta tsinke igiya. Ɓaraguzan nasa kuma ba su yi ta tafiya ba, ni na san inda suka tsaya. Cikin kwanon kopto na, kwaɗon zogalen da na dafa tun asuba zan kai kasuwa. Wa zai ci zogale da gilas?"

"Inna, ai nan ƙasa ne, akwai iska. Da a sama ne..."

"Ashe laifin iska ne." Ta juya ga mai unguwa. "Ka ji ko? Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma Zuwera ba daga sama ta ɗauko shi ba, a kan cinyarta ta riƙo shi har Yamai."

Faruk ya ce zai sayo sabo a kasuwa.

"Na kasuwa ya je Makka?"

Mai unguwa ya yi tari, yana ɓoye dariya cikin rawani. Delu ta gani. Ta aje murfin a gabansa, ta miƙe ƙafafu bisa tabarma.

"Ba na tashi. Ko shi, ko wanda ya koya masa wannan karatu, ko iskar. A kira min ɗaya ya amsa."