Wanda Bai Sauko Ba

"Cewa na yi ka rage ƙarar. Ban ce ka yanka ta ba."

"Ni kuma na ce 'yata ce, wayata ce. Zauren nan kuwa ba da shi aka haife ka ba, dattijo."

Mista Orville ya dogara sandarsa ya miƙe daga kan benci. Sai da ya yi yunƙuri biyu kafin ya tsaya. Hannunsa ɗaya na kan na'urar ji da ke maƙale a kunnensa, yana murza ta kamar mai neman tasha a rediyo.

"Ka san yadda abin nan yake shiga min kai? Kamar ana huda ni da ƙusa. Kullum waƙar agwagi. Agwagi biyar, agwagi huɗu. Yaushe za su ƙare ne, mu huta?"

Lamont bai yi dariya ba. Ya dubi 'yarsa Nyla. Shekararta biyar, tana zaune a ƙasa kusa da akwatunan wasiƙu, cikin rigar sanyi da ta fi ƙarfinta, idonta a kan tsohuwar wayarsa. A waje dusar ƙanƙarar birnin Buffalo ta binne motoci har ƙofa. Ba mai tsayar da yaro a titi cikin wannan sanyi, shi ya sa kowace safiya a zauren benen suke jiran motar makaranta. Minti ashirin. In ba wayar nan, minti ashirin ɗin kuka ne da birgima. Ya gwada, ya sani.

"Cire abin kunnen naka mana," in ji shi. "Ka huta, mu huta."

"Orville, zauna," in ji Mis Odessa daga kan bencin. Tsohuwa ce mai faɗin jiki, fulas ɗin gahawa a cinyarta. "Kai kuma ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Ya yi jika da kai."

Da tsohon ya zauna a lokacin, da magana ta mutu. Bai zauna ba. Ya dubi yarinyar, ya girgiza kai.

"Ba laifinta ba ne. Yarinyar da uwa ta gudu ta bari, dole waya ta zama uwarta."

Zauren ya yi tsit, ban da agwagi. Shekara biyu ke nan da uwar Nyla ta tafi Atlanta da jaka ɗaya. Lamont ne ya koyi kitso a wayar nan. Shi yake tashi da asuba ya soya ƙwai, ya nemo safa, ya raka ta mota, sannan ya wuce sito ya yi ta ɗaga kwalaye har bayansa ya daina jin komai. Bai taɓa faɗa wa kowa a benen ba. Ashe bango ya faɗa musu.

Ya sunkuya, ya karɓi wayar, ya danna ƙarar har ƙarshe, ya mayar wa yarinyar.

"Sha waƙarki, Nyla."

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Yakan tsaya ya jingina da bango, hannu cikin aljihu, yana kallon tsohon yana runtse ido. Ba daɗi yake ji ba. Amma bai daina ba.

Bencin nan yana da ƙa'ida, kowa a benen ya san ta. Tsofaffi huɗu ne, kowanne shi kaɗai a ɗakinsa. Ƙarfe takwas suke saukowa da gahawarsu, su yi gulmar mai gida, su yi musun ƙwallo. Hirar dalili ce kawai. Ƙirga juna suke yi. Wanda tara ta buga bai sauko ba, Mis Odessa za ta hau lifta ta buga masa ƙofa. Haka suka taɓa tsintar Mista Lionel a bayi, ciwon sukari ya kayar da shi, ga shi nan har yau yana cin burodinsa.

A rana ta huɗu Mista Orville bai sauko ba. Tara na yi Mis Odessa ta hau. Lamont ya dawo ɗauko katin aikinsa da ya manta, ya same ta a bakin ɗaki na sha biyu, wanda ke manne da nasa.

"Ina raye!" muryar tsohon ta fito ta cikin ƙofa. "Ba zan ƙara saukowa ba sai ƙanƙara ta narke, sun koma jiran motarsu a titi. Kada ki sake buga min ƙofa, Odessa. Ni ba jariri ba ne."

"To, bijimi. Zauna ka ci kanka."

Ta juyo ta ga Lamont da makulli a hannu. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗan nan, abin da ya faɗa bai kyauta ba, na faɗa masa. Amma ɗan dannawa guda ce fa. Ka rage kaɗan, ya sauko. Me zai rage ka da shi?"

"Ya zo ya ba ni haƙuri a gaban mutanen da ya zage ni."

"Orville? Matarsa ta yi shekara arba'in tana jiran wannan, har ta gaji ta mutu."

"To ya zauna."

Mako biyu suka wuce. Wurin tsohon a kan benci ya zama wurin ajiye fulas. Da babu shi, Lamont da kansa ya fara rage ƙarar, don shi ma agwagin sun ishe shi. Sau ɗaya ya hango shi a kantin da ke kwanar layinsu, yana ƙirga gwangwanin miya cikin kwando, gemu ya fito masa fari fat. Suka haɗa ido. Kowa ya juya.

Ranar Asabar da rana ne. Ba aiki, ba makaranta. Lamont yana tsaye a kicin yana dafa makaroni, Nyla tana kwance a kan darduma da wayar. Ƙarar ba ta kai ta kawo ba. Sai bututun ɗumama ɗaki ya yi ƙara. Bututu ɗaya ne ya ratsa bango daga ɗakin tsohon zuwa nasu.

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Ya tsaya da cokali a hannu. Shiru. Sai kuma uku.

"Baba, kakan can yana kiɗa," in ji Nyla.

"Na ji shi."

Wato yanzu har cikin ɗakinsa. Zaure bai isa ba, sai an bi shi gida an faɗa masa yadda zai yi da 'yarsa. Ya kashe wuta, ya zo ya ɗauki wayar, ya ƙure ƙararta, ya jingina ta da bututun.

"Ga kiɗa nan, tsoho! Yi rawa!"

Nyla ta yi dariya, ta tashi tana tsalle. Bugun bai tsaya ba. Uku, shiru, uku. Suka ci makaroni yana yi. Ya wanke kwanoni yana yi. Can ya zama biyu-biyu, da tazara mai tsawo a tsakani. Wani abu ya ɗan taɓa Lamont a ƙirji, don mai fushi da sauri yake bugu, ba a hankali ba. Ya je har bakin ƙofarsa, ya kama mariƙi. Sai ya tuna fuskar tsohon lokacin da yake cewa uwa ta gudu. In ya buga, me zai ce? Na zo in ji ko lafiya? Ai shi ke nan an ci shi da yaƙi.

Ya saki mariƙin. Ya sa wa Nyla takalma, suka tafi wurin wasan yara na cikin babban kanti, inda ake da ɗumi. Da suka dawo wajen ƙarfe biyar bututun ya yi shiru.

"Ya gaji," in ji Nyla.

"Ya gaji."

Lahadi ba motsi. Da can yakan ji tarin tsohon ta bango, da muryar mai sharhin ƙwallo, da ƙarar buta. Yanzu ba ko ɗaya. Litinin takardun tallan kanti biyu suna kwance a bakin ɗaki na sha biyu. Lamont ya tsallake su. A zaure ya buɗe baki zai yi wa Mis Odessa magana, motar makaranta ta yi oda, ya rufe. Talata takardun sun zama huɗu. Ya tsaya a gaban ƙofar, ya ɗaga hannu, ya kasa kunne. Firij kawai yake gurnani a ciki. Ya sauke hannun. A wurin aiki ya saki kwalin gilasai, shugabansu ya yi ta masifa, bai ji rabin abin da aka ce ba.

Laraba da safe ya fito da Nyla ya tarar da ƙofar a buɗe. Ɗan sanda ɗaya, mai kula da benen da tarin makullansa, da mutum biyu na motar asibiti. Ba wanda yake sauri. 'Yar tsohon ce ta yi ta kira daga garin Erie ba a ɗauka ba, ta kira 'yan sanda.

Ya tura Nyla bayansa. Bai so ya leƙa ba, amma ya leƙa. Buta a ƙasa, ruwan ya bushe ya bar zane a leda. Silifa ɗaya a ƙarƙashin tebur. Waya can a kan firij, inda hannun mai kwance ba zai kai ba. Ƙafa cikin safa mai ruwan toka. Sanda a gefen bututu, fentin wurin ya ɓare, ƙarfe ya fito fili kamar faɗin tafin hannu.

"Ƙugu ne ya karye," ɗaya daga cikin masu motar yake faɗa wa ɗan sandan. "Santsi ya kwashe shi. Ya ja jiki daga can zuwa nan, ka ga alama."

"Malam, wuce da yarinyar," in ji ɗan sandan.

Ya wuce. A cikin lifta Nyla ta miƙo hannu a ba ta waya. Ya ce ba caji.

Mis Odessa ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta zauna da fulas ɗinta ba ta buɗe ba.

"Cewa ya yi kada in buga," take ta faɗa, ba da kowa take ba. "Ni kuma na biye masa. Shekara tara ina buga ƙofar nan. Tun yaushe na fara jin maganar Orville?"

Ba ta dubi Lamont ba. Da ta dube shi, ko ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Ranar Juma'a suka ga 'yar. Corinne sunanta, mace mai kimanin shekara hamsin, da rigar aikin asibitin dabbobi a ƙarƙashin kwat, da hancin ubanta sak. Ta shigo zaure wajen takwas da kwata, ɗauke da kwalin donat, irin fanken nan mai sukari, ta ajiye a kan benci.

"Ya ce ku ne mutanensa," in ji ta. "Kullum a waya sai ya yi min ƙorafinku. Haka yake son mutum."

Mista Lionel ya yi 'yar dariya, ta maƙale. Ba wanda ya taɓa kwalin.

"Na san halinsa. Bakinsa ba linzami. Ni ma wata uku ban zo ba, kullum sai in ce mako mai zuwa." Ta goge hanci da bayan safar hannu. "Likita ya ce tun ranar Asabar ya faɗi, kuma ba faɗuwar ce ta kashe shi ba. Ya ce ya kai kwana ɗaya a kwance, wataƙila fiye. Da an same shi ranar, da yanzu yana gadon asibiti yana zagin nas-nas."

Lamont yana tsaye a inda ya saba, jikin bango. Nyla na gabansa, hannunta ba komai, tana wasa da zif ɗin rigarta. Ya ji tafinsa ya sauka a kafaɗarta, ya danne.

"Jiya na kwana a ɗakin," in ji Corinne. "Na ga bututun. Na ɗauki sandar na buga sau ɗaya, don in ji. Har cikin haƙorana na ji shi."

Mis Odessa ta sunkuyar da kai. Mista Lionel ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Ƙanƙarar da ke takalman matar ta narke, ruwan ya taru, ya kama gangarowa a hankali ta tsakanin tayil, har ya zo ya tsaya a bakin takalmin Lamont. Nyla ta ɗago kai tana kallon ubanta, bakinta a ɗan buɗe.

Matar ta bi idon yarinyar, ta tsaya a kansa. Ba fushi a muryarta, gajiya ce kawai.

"Kai ne na ɗaki sha ɗaya, ko? Bangonku ɗaya da shi. Ɗana, ranar Asabar ɗin, ba ku ji komai ba?"