Lungun Inna Mai Ɗumi

Daɓen ɗakinmu ya fara ɗumi ne ta lungun bayan ƙofa, kuma cikinmu ba wanda ya tuna cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Ni har murna na yi, don ina shanya wankin yarona a wurin, kafin in gama shara ya bushe. Inna, surukata, da ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, ta ja tabarmarta can ta ce ta samu asibiti kyauta. Kullum bayan azahar nan take kwanciya da jikanta, wanda take kira Ango tana tsokanarsa wai ya aure ta ko sabulu bai saya mata ba. Lokacin rarrafe yake.

Duk unguwa an san a kan tsohon ramin kwal muke zaune, kuma an ce tun da aka rufe shi wuta ke ci a can ƙasa. Amma an ce, an ce, wa ya gani? Da kyanwarmu ta mutu a lungun nan, maigidan ya ce gubar ɓera ta ci. Na ce to, na ci gaba da harkata.

Ran nan na leƙa maƙwabta aron dutsen guga, na tarar an cika ɗaki ana kallon Baba Mai Kwal, tsohon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ramin. Kajin maƙwabtan ne suka mutu cikin akurki, suka kira shi. Ya sa aka rufe taga, ya kunna kyandir, ya riƙa sauke shi a hankali. A ƙirji yana ci, a ƙugu yana ci. Yana zuwa gwiwa ya mutu murus, alhali ko labule bai motsa ba. Ya sake kunnawa, ya sake mutuwa a daidai wurin.

Ya ce iskar da wutar kwal ke fitarwa ce take shigowa ta tsagar siminti. Ba ta da wari, kuma nauyi gare ta, a ƙasa take kwanciya kamar ruwa a kwano.

"Duk mai numfashi a ɗaga shi sama da gwiwa," in ji shi. Sai ya dube ni. "'Yata, ba bangonku ɗaya da nan ba?"

Ban san inda na yar da dutsen gugar da aka miƙo mini ba. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba. Na banka ƙofa. Inna na kwance a lungunta, hannunta ɗaya miƙe wajen gado, ba Ango a gefenta. Na kira ta, shiru. Ina ɗaga kai na gan shi a bakin katifa, ya juyo da ƙafafu yana laluben hanyar sauka. Na sure shi, maƙwabta suka ja Inna waje.

An daɗe ana yi mata fifita kafin ta buɗe ido. Ta ce kanta ne ya yi nauyi, ta ga yaron ya yi laushi, ta tura shi bisa gado da sauran ƙarfinta, ita kuma tashi ya gagare ta.

"Ina Angona?" ta ce. "Kada ku sauke shi."

Hukuma ta zo ta auna, ta ce za a tashe mu, ba ta dai ce yaushe ba. Wutar kuwa ba ta jiran kowa, jiya bangon maƙwabtan gaba ya tsage. Mun ɗora gadaje a kan bulo, tagogi a buɗe, Inna a kujera take sallah.

Ango ya isa tafiya yanzu. Yana bayana a goye tun safe, yana zillo, yana miƙa ƙafa yana kuka a ajiye shi. Inna na tsokanarsa wai ango ne da ba ya taka ƙasa, amma ba ta dariya in ta faɗa. Na gwada shi a jikina a tsaye, kansa da kaɗan ya wuce gwiwata, kuma yaro mai koyon tafiya faɗuwa yake yi.