Sabon Jinin Baba Mai Gwaji

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina!
Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata mai ɗinki tana cikin sa wa riga maɓalli sai ga 'yar maƙwabcinta ta faɗo shagon, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Gwaggo, Baba ya ce ki ara masa kwamfutarki."

"Wannan gyatumar? Tasa mai sheƙi fa, me ya same ta?"

Ta dai naɗe kwamfutar a zani ta bi bayan 'yar.

Maƙwabcin nan Baba Mai Gwaji ake ce masa. A kamfaninsu na manhaja shi ke kula da ƙananan mataimaka, wato guntayen umarnin da gwaje-gwaje ke aika: wannan ya buɗe ma'ajiyar wucin gadi, wancan ya share ta in an gama. Ƙa'idarsa ɗaya ce, mataimaki ya yi aiki a kowace kwamfuta, ba a ta maigidansa kaɗai ba.

Ta same shi jingine da matashi, ya rame, kwalaben magani jere a bakin taga.

"Ƙanwata, akwai sabon jini a cikin mataimakan nan da ban gwada shi a gidan baƙi ba, wato a kwamfutar wani. In na tafi ya ƙi aiki, su wa zai wahalar? Yaran ofis."

"Yaya, kana fama da numfashi kana zancen yaran ofis?"

"Kunna dai. Taki ba irin tawa ba ce, ga ta da gardama kamar mai ita."

"Ka ji shi! Ciwo bai taɓa bakin ba."

Aka kunna, gwaje-gwaje suka yi ta wucewa kore, kore, alamar lafiya lau, sai ɗaya ya yi ja. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Na kama ka, ɗan gata! Hanyar ma'ajiyar kwamfutata ya haddace. Ya zata ko'ina gidan ubansa ne."

Yatsunsa sun daina biyayya, don haka 'yar ta zauna, yana faɗa tana bugawa. Ya ce a cire hanyar nan, mataimakin ya riƙa tambayar kowace kwamfuta inda take ajiya. Mai ɗinki tana yi masa fifita, ba ta fahimci ko rabi ba, amma da aka sake gwadawa ita ta fara ihu.

"Kore! Yaya, duka kore!"

"To, madalla. Aika wa yaran ofis." Ya lumshe ido. "Ƙanwata, ki sha shayi kafin ki tafi."

Washegari da hantsi ya cika, hannunsa cikin na 'yarsa.

Yaran ofis suka karɓi gyaran, ko harafi ba su canza ba. 'Yar ta koma ɗakin mijinta da tabaran uban a jaka. Mai ɗinki kuwa tana nan a shagonta, in abokan aikinsa suka zo wucewa, sai ta ɗago kai daga keke ta ce musu, "Maƙwabcina ne fa."