Zaren Buhu a Dutsen Farfesa

"Ba zan ɗauki hoton ba, Farfesa."

Hussaina ta faɗi haka tana durƙushe a bakin tabarma, a zauren Farfesa Bahago da ke cikin birnin Zariya, inda yakan kira ɗalibansa ranar Asabar. Bai ɗago ba. Goro yake ɓarewa da farcen babban yatsa. Sai da ya jefa rabi a baki sannan ya ce, "Ban ji ba, 'yata. Kunnen ya tsufa."

"Na ce ba zan ɗauka ba. Kuma ba zan rubuta cewa gwajin ya tabbatar da dutsen ba."

Dutsen yana nan tsakaninsu cikin akwatin gilashi, ja, bai fi dunƙulen hannu biyu ba, duk jikinsa 'yan ramuka masu lanƙwasa. Shi ne arzikin Farfesa. Tun Hussaina tana firamare ya sanar cewa ramukan nan sawun wasu tsutsotsi ne da suka rayu tun kafin a yi kifi a ruwa, cikin dabbobin farko da suka fara motsi a duniya. Ya raɗa musu suna da sunansa. Daga nan maƙaloli suka yi ta fitowa. Duk ɗalibin da ya shigo hannunsa sai ya sa sunan Farfesa a gaba, ya ambaci maƙalar farko da ta biyu da duk waɗanda suka biyo. Ɗaliban suka zama malamai, suna ambaton juna kamar masu rama biki: ka ambace ni a taka, in ambace ka a tawa. A shafin intanet da ke ƙirga yawan ambato, lambar Farfesa ta yi ta hawa, har akan haska ta a bango wurin taro a yi tafi.

Ita ma ta taɓa tafawa. Saboda dutsen nan ta karanci ilimin burbushin halittu, don gidansu da na Farfesa lungu ɗaya ne, tana yarinya takan leƙa zauren ta ga akwatin. Ta shiga digiri na uku a ƙarƙashinsa tana jin ta taki sa'a. Da mujallar da za ta buga maƙalarsa ta ɗari ta nemi hoton cikin dutsen, ita ya ba ɗan ɓallin da aka cire. Ta goge shi har ya yi sirantakar da haske ke ratsawa, ta manna a gilashi, ta sa a madubin ƙara girma.

Marmara ce, irin wadda ake fasawa a bayan gari. Ramukan na gara ne, ga kan wata gara ma a maƙale a ɗaya. Kusa da shi, nitse cikin jikin dutsen, ga farin zaren leda, irin na buhun taki. Dutsen da aka ce ya girmi kifi bai girmi buhun taki ba.

Ta zo ne tana tsammanin zai girgiza, har ta shirya kalmomin da za ta lallashe shi. Shi kuwa cewa ya yi ta matsar da madubin gefen da ba zare, ta ɗauki hoto a can.

Yanzu ya jawo gwangwanin da ke gefensa, ya tofa jan yawu, ya share baki da hannun riga. "Kin ɗauka ke kika fara leƙawa?" ya ce. "Mutum nawa ke ciyar da iyali a kan dutsen nan? Farfesoshi uku na yaye. Ke za ki zo da zare ɗaya ki kwance musu wando?"

Ta dubi gwangwanin, ta dubi akwatin.

"Allah ya huci zuciyarka," ta ce. "Abin da na gani shi zan rubuta."

"To, Allah ya ba da sa'a. Gilashin da kika manna ɓallin fa?"

"Yana wurina."

Ranar Litinin ta sami Dakta Priskila, 'yar Wusasa, wadda ke koyar da ilimin duwatsu a sashensu. Priskila ta rufe ƙofar ofis kafin ta sa ido a madubin. Ta daɗe tana kallo.

"Buhun taki ne ko na siminti?" ta ce.

"Anti, ba abin dariya ba ne."

"Na sani. Ni ma na ambace shi sau huɗu, da shi aka ƙara mini girma. Kowa a benen nan ya san Zariya da kewayenta ba inda irin wannan sawun zai fito. Amma ke, sa hannunsa kike jira. In bai sa ba, ba kundi, ba digiri. Ki gama tukuna, ki tsallaka, sannan ki yi jarumtar."

"In gama da ƙarya a babi na farko?"

Priskila ta miƙa mata gilashin. "Ki ɓoye shi inda ba a share-share."

Farfesa bai kai ƙara ofis ba. Bayan la'asar ya tako da kansa zuwa zauren mahaifinta, Malam Yahaya, wanda ya fi shekara ashirin yana yi masa ɗinkin manyan riguna. Hussaina tana jin su daga soro na biyu. Ba a ɗaga murya ba, an dai yi ta maganar tarbiyya da zamani da haƙƙin maƙwabtaka. Da baƙon ya tafi, mahaifin ya kira ta. Allura na hannunsa amma ba ya ɗinki.

"Usaina, tsutsa ce fa. Ko gara, ko tsutsa, wa ta kashe?"

"Baba, ba ta kashe kowa ba. Amma yara na haddace ta suna rubutawa a jarrabawa."

"Sahu ɗaya muke salla da mutumin nan. Shi ya saya miki littattafan shiga jami'a. Ki ɗaukar masa hoton, ki karɓi takardarki, Allah ya ga zuciyarki."

"Ya ga hannuna kuma."

Ya ce, "Taurin kan nan na wajen uwarki ne." Bai sake yi mata maganar ba, amma rigar Farfesa da ke kan cinyarsa ita ce ta ƙarshe da aka kawo masa daga gidan.

Daga nan sai jira. Ta kai babi, aka ce ya ɓata. Ta sake kaiwa, ya dawo bayan damina da jan biro a shafin farko kaɗai. Aka canja kwaɗon ɗakin gwaji, makullinta ya daina buɗewa. Takan zauna a bencin ƙofar ofishinsa tun safe, ya fito ya amsa gaisuwar kowa ya wuce ta kamar tukunyar fure. Ta nemi a canja mata malami, duk wanda aka tuntuɓa ya ce aiki ya yi masa yawa. Ta rubuta abin da ta gani ta aika wa wata mujalla. Mujallar ta nemi ra'ayin masanin da ya fi kowa sanin dutsen, sai amsa ta dawo cewa marubuciyar ba ta karanta manyan fannin ba, ga maƙaloli goma sha biyu da ya kamata ta ambata. Duk na mutum ɗaya ne.

Ta kama koyar da kimiyya a wata makarantar kuɗi kusa da Ƙofar Doka. Kullum sai ta bi ta ƙofar gidan Farfesa, don lungun ba shi da wata mafita. Matan unguwa suka ce boko ya hau mata kai. Ba ta sunkuyar da kan ba, takan gaishe su ɗaya bayan ɗaya har sai sun amsa.

Auwal, wanda suka shiga karatun tare, shi ya ɗauki hoton daga wani ɓallin. Maƙala ta ɗari ta fito da sunansa a na biyu, ba a daɗe ba ya zama Dakta. Aka yi walima a ƙofar gidan Farfesa, aka toshe lungun da rumfuna. Hussaina ta dawo daga makaranta da alli a mayafinta, ta tarar ba hanya. An fito da akwatin gilashin an ɗora a teburi mai leshi, mutane na layin ɗaukar hoto da shi. Wani a lasifika yana karanto lambar ambato kamar sakamakon zaɓe. Kwatar da ke bin tsakiyar lungun ta toshe da ragowar shinkafa da robobin lemo, baƙin ruwa ya taru ƙarƙashin kujeru, manyan malamai suna ɗage babbar riga suna ci gaba da ci.

Auwal ya tare ta, maiƙo har haɓarsa. "A'a, Malama Gara. Ba za a zuba miki ba?"

"Dakta Auwal. Hannunka bai yi rawa ba da kake matsar da madubin?"

"Ko kaɗan. Ke kika ga zare, ni ban gani ba."

"Ina ka duba?"

"Inda aka ce in duba." Ya yi dariya, ya tsame ƙashi daga baki ya jefa a kwatar. "Ke dai kina da wahalar da kai, wallahi."

Ta tattare zanenta ta tsallake ruwan ta wuce.

Da wa'adin karatunta ya kusa cika, Farfesa ya aika a kira ta. Zauren yana nan yadda yake, an dai sake wa akwatin fitila a ciki. Kundinta na kan tabarma, biro a kansa.

"Na yafe miki, 'yata," ya ce. "Ban son a ce 'yar Malam Yahaya ta fita hannu rabbana. Layi ɗaya za ki ƙara, ki ce bincikenki ya dace da nawa. Ki kawo mini gilashin nan. Yau ɗin nan in sa hannu."

Ta dubi kundin. Ta san kowane shafi nasa, ta san abin da ya ci mata. Yatsunta har sun motsa wajen biron. Sai ya jawo gwangwanin ya tofa.

"Bincikena bai dace da naka ba, Farfesa."

"Kin san abin da kike yi?"

"Na sani."

Ya ɗauke biron ya sa a aljihu. Ta yi masa sallama yadda ake yi wa babba, ta sa takalminta ta fita.

Wa'adin ya cika, aka cire sunanta. Dutsen yana nan a akwatinsa, lambar Farfesa tana ta hawa. Gilashin kuma yana cikin adakar mahaifiyarta, naɗe a ɗankwali, zaren yana nan fari ga duk mai son dubawa, har yau Priskila kaɗai ta duba. Abin da ƙin ɗaukar hoton ya ci wa Hussaina shi ne shekara shida na ƙuruciyarta, da digirin, da aikin jami'ar da ta yi mafarki tun tana leƙen zaure, da babban mai kawo wa mahaifinta ɗinki, da fannin da take so, wanda babu mai sake buɗe mata ƙofarsa.