Ranar da Ta Yi Faɗan Gaske

Wanda ya ƙera kujerun asibiti bai taɓa zaman jiran sakamako ba. Malama ta zauna, ta tashi, ta leƙa tagar da ke kallon wurin ajiye motoci, ta dawo ta tarar wata mai goyo ta gaje mata wuri. Ta sake kiran mijinta. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse don kanta.

Da bakinsa ya ce zai zo. Tun ranar da ta kama hannunsa ta ɗora a gefen ƙirjinta ta ce ya taɓa ya ji wannan ɗan ƙullutun, ya rantse ranar karɓar sakamako yana gefenta ko da madaba'ar da yake shugabanta za ta kama da wuta. To ga ranar ta zo, madaba'a ba ta kama da wuta ba, Manaja kuma babu shi babu dalilinsa.

Ita kaɗai ta shiga wurin likita. Likitar mace ce mai sanyin murya, irin sanyin da ke sa gaban mutum ya faɗi. Ta ce abin bai kwanta musu a rai ba, sai an yi aiki an cire, kuma kada a ja lokaci.

"Maigidan bai zo ba?" in ji likitar. "Na so a ce ku biyu zan yi wa bayani."

Malama ta ce yana hanya. Wannan ƙaryar ta fi maganar aikin yi mata ciwo.

A cikin tasi ta kasa zama wuri ɗaya. Ta sauke gilashi, ta ɗaga, ta buɗe jaka ba ta san me take nema ba. Ta cika ta yi fam, kuma abin da ya fi damunta shi ne ba ta san da wane baki za ta yi masa faɗa ba. Wannan kuwa yana da dalili.

Manaja mutum ne da in ya shiga madaba'a har injin kan yi kamar ya rage ƙara. Masu yankan takarda, masu haɗa tawada, har mai gadi, kowa ya ɗanɗani kaifin bakinsa. Ba wanda zai yarda in an ce masa mutumin nan, bayan haihuwar 'yarsu ta biyu, ya taɓa zama a bakin gado yana murza yatsu, gumi na tsattsafo masa, yana roƙon matarsa wata alfarma da ya kasa kallon idonta wajen faɗa. So yake, wani lokaci in sun kaɗaice, ta ƙasƙantar da shi. Ta daka masa tsawa, ta kira shi sakarai, ta sa shi ya durƙusa, ta aike shi ta dawo da shi ta ce bai iya komai ba. Ya ce yini guda kowa shi yake kallo ya yanke hukunci, kuma babu inda kansa ke hutawa sai a ƙasa, inda ba shi da ta cewa.

Dariya ce ta fara kufce mata, sannan tsoro ya biyo baya. Ita da ke koyar da 'yan aji ɗaya, wadda ko yaro ya cinye alli lallashinsa take yi! Ta daɗe tana juya maganar kafin ta yarda, kuma da sharuɗɗanta: babu ambaton iyaye, babu duka, in ya ce ya isa to ya isa, kuma bayan an gama sai ya ɗora kai a cinyarta har ya dawo mutum. Ranar da za su yi, takan kai yaran gidan Yayarta, shi kuma ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur. Daga nan sai abin da ta ce.

Maganar gaskiya, ta ƙware. Ta koyi zagi kamar mai koyon baƙon yare, har ya zauna mata a baki. Tana son ganin yadda kafaɗunsa ke saukowa, tana son irin barcin da yake yi bayan nan, kuma ba za ta ce ita ma ba ta jin wani daɗi da ba ta da sunan da za ta ba shi ba. Sau ɗaya dai ta taɓa yi masa faɗa ba na wasa ba, saboda ya bar famfo a buɗe har ruwa ya malale kicin, ta ga gefen bakinsa yana motsi, idonsa ya yi laushi. Abin ya tsaya mata a rai, amma ta share, don maganar famfo ba ta kai a tsaya a kanta ba.

Motarsa na tsakar gida lokacin da ta iso. Ta same shi a falo ya miƙe ƙafa a kan doguwar kujera, hannun rigarsa duk tawada, wayar na can jikin caji an kife ta. Da gani inji ne ya lalace ya cinye masa yini, ya cinye har da ita.

"Sannu da dawowa," ya ce yana hamma. "Ina yaran?"

"Suna gidan Yaya."

Ta ga lokacin da idonsa ya canza. Ita saboda asibiti ta kai su, shi kuma wani lissafin ya yi.

Ta yi jifa da makulli. "Kai wane irin mutum ne? Sakarai kawai, marar amfani! Abu ɗaya aka ce ka yi, ɗaya tak, ka kasa!"

Tun kalmomin na fita ta ji su a kunnenta. Su ne dai, ko wasali bai canza ba. Manaja ya tashi zaune a hankali, ya kwance agogo, ya ajiye a kan tebur, ya zame daga kujera ya durƙusa a kan kafet.

"Na yi laifi, ranki ya daɗe."

"Ba wasa nake yi ba!"

"Na sani," ya ce, kansa a ƙasa, muryarsa har da ɗan rawar daɗi. "Ba kya wasa."

Ai kuwa ko wannan ta sha faɗa masa a baya, shi ya fi so ma. Ta shiga zagaye falon kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ta wanke shi tas, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba, shi kuwa kowace kalma sai ƙara narkar da shi take yi. Ta tsinci kanta tana rufe taga don kada maƙwabta su ji, ta tuna wannan ma yana cikin tsarin, ta sake buɗewa da ƙarfi har labule ya tsinke daga ƙarfensa. Ta laluba cikinta tana neman kalma ɗaya mai zafi da ba su riga sun mayar abin wasa ba, ta rasa. Duk ta ba shi su kyauta, ba ta rage wa kanta ko ɗaya ba.

Sai dai guda ɗaya da ba ta taɓa furtawa ba. Ta san abin da mahaifinsa marigayi yakan ce masa a gaban baƙi tun yana ƙarami, shi ya gaya mata yana kuka. Da ta faɗa, wallahi da ya ji ta. Maganar ta hau har kan harshenta, tana kallon ƙeyarsa da furfurar da ta fara fito masa a bayan kunne. Ta haɗiye ta da ƙyar.

Sai ta zauna a kujerar da ya tashi, ta cire takalmi, ta yi shiru. Shi yana nan durƙushe yana jira, a zatonsa shirun ma horo ne. Mota ta wuce a titi. Firji ya yi ƙara ya tsaya. Ba ta san tana kuka ba sai da ta ja hanci, shi ma wannan ne ya sa ya ɗago.

"Baban yara," ta ce, da muryar da take kiran 'yan aji ɗaya, "daga asibiti nake."

Ta taɓa ganin mutum ya sha jinin jikinsa, amma ba kamar wannan ba. Bakinsa ya buɗe, ya dubi wayar, ya dubi jakarta. Ya rarrafo ya kama ƙafarta.

"Yau ne? Wayyo Allah, yau ne! Ki zage ni, don Allah ki zage ni. Ki faɗi duk abin da kika ga dama, na cancanta."

Da gaske yake wannan karon, ta sani, hawaye ne a idonsa. Amma ta ji gajiya ta danne ta har ƙashi. Ko a nadamarsa ma aiki yake ba ta: ta tsaya a kansa, ta hukunta shi, ta sauke masa nauyi, sannan ta lallashe shi. Ita fa, wa zai sauke mata nata?

"A'a," ta ce. "Yau ba ni da abin da zan ba ka. Tsoro nake ji. Tashi."

Bai motsa ba.

"Ba umarni ba ne, roƙonka nake yi. Tashi ka zauna kusa da ni, ka tambaye ni abin da likita ta ce."

Ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya zauna a gefenta a takure kamar baƙo, ya rasa inda zai sa hannuwansa, daga bisani ya riƙo nata da duka biyun. Tawadar hannunsa ta shafi yatsunta.

"Me ta ce?" ya tambaya.

Malama ta ja numfashi, ta fara gaya masa tun daga farko.