Rigar Matar Auta

Duk mutanen layin Goggo suke kiran ta, har waɗanda suka girme ta. Ɗakinta ne na ƙarshe a gidan hayar, kusa da famfo, kuma a bakin tagar ɗakin ta ajiye kekenta na ɗinki, tsohon baƙin keke mai feda. Ba ta ɗinkin manya sai dole. Kayan jarirai ne aikinta: 'yan riguna masu maɓalli a baya, wanduna masu roba, huluna, ƙyallen wuya mai tare miyau, da takalman yadi waɗanda ba su fi tsawon ɗan yatsa ba.

Ta taɓa aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya rasu, ba ta sake ba. Ƙanenta Auta shi ne ɗanta. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, ita ta yi rainonsa, ita ta kai shi makaranta, da wannan keken ta yi masa komai har ya zama mutum. Ya yi aure ya koma wani bene mai kyau a can ƙetaren titi. Matarsa tana aiki a wani kamfanin inshora, mace ce mai tsafta da ƙamshi, tana gaishe da Goggo da "Sannu Yaya" amma ba ta taɓa zama a ɗakin nan har kujera ta yi ɗumi ba.

Ranar da Auta ya zo ya ce matarsa tana da ciki, Goggo ta ture aikin mutane gefe. Ta buɗe akwatinta ta ɗauko abin da ke can ƙasa, zanen mahaifiyarsu, shuɗi mai ɗigon fari, wanda wanki ya sa ya yi laushi kamar auduga. Shi kaɗai ya rage musu na tsohuwar. Ta daɗe riƙe da almakashi kafin ta iya sa masa hannu. Daga shi ta fitar da ɗan bargo, ta yi masa shafi da farin yadi, ta kalmasa bakinsa da allura. Ragowar ta yi riga da hula da takalmi. Ta zana tafin takalmin a kwali, ta yanka yadi biyu, ta sa soso siriri a tsakani, ta juyar da ɗinkin ciki yadda ko zare ɗaya ba zai taɓa fatar yaro ba.

Aka haifi namiji. Goggo ta kai kayan a ninke cikin leda. Matar Auta ta karɓa da murmushi, ta ce, "Kai, Yaya, da kin hutar da kanki." Ta ɗora ledar a saman kabad ba ta buɗe ba. Goggo ta ce a ranta gajiyar haihuwa ce.

Bayan wasu watanni ta je ganin yaron. Ta shiga kicin don ta sha ruwa, sai ƙafarta ta taka wani abu jiƙe a gindin firij. Firjin yana yoyo, an cusa tsumma a ƙarƙashinsa. Ta sunkuya ta jawo. Shuɗi mai ɗigon fari. Bargon ne, ya sha tsatsa da dauɗa, gefensa ya yi fari fat inda ruwan wanke ƙasa ya cinye shi. Ta waiga bakin ƙofar baya, ga 'yar rigar a kan akwatin takalman Auta, ta yi baƙi ƙirin da man goge takalmi.

Ta fito falo da bargon yana ɗiga a hannunta. Matar Auta tana zaune tana jijjiga yaron, Auta yana kwance a doguwar kujera yana danna waya.

"Wannan fa?" in ji Goggo.

Matar Auta ta ɗago ta duba, ko a jikinta. "Af, Yaya, ki yi haƙuri, tsumma muka rasa. Ai kin san ba zan sa masa tsohon yadi ba. Fatar jariri ba ta son haka. Kayansa duk sababbi ne, masu tsada, daga kanti."

"Zanen mahaifiyarmu ne."

"To ai shi ne nake faɗa, ya tsufa." Ta ɗan yi dariya, ta gyara wa yaron wuya. "Sai wadda ta haifa take gane irin wannan, Yaya. Ba laifinki ba ne."

Goggo ta dubi Auta. Ta jira ya ɗago. Babban yatsansa ya tsaya cak a kan wayar, kunnensa ya ji komai, amma idonsa bai bar gilashin ba. Can ya ce, "Yaya, ƙyalle ne fa. Kar ki ɗauka da zafi."

Goggo ta juya. Ta matse bargon a bakin ƙofa, ta sa a jaka, ta tafi. A gida ta jiƙa shi a roba ta shiga cuɗawa a hankali, yadin ya riƙa rabewa a hannunta kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Maƙwabciyarta mai guga ta same ta tsugunne a bakin famfo, ta ji labari, ta riƙe baki.

"Ki bar su da Allah, Goggo."

"Na bar su," in ji Goggo. Muryarta a sanyaye take, har mai guga ta sake kallon ta.

Ba ta bar su ba. Abin ya zauna mata a ƙirji kamar garwashi a cikin toka. In tana taka feda, maganar take ji tana juyawa tare da ƙafar keken: sai wadda ta haifa. Amma ba ta fasa zuwa gidan ba. Takan je, ta gaishe su, ta ɗauki yaron ta yi masa wasa, ta auna ƙafarsa da yatsunta kamar mai tsokana. Matar Auta har ta fara ce wa ƙawayenta yayar mijinta ba ta da riƙo.

Rannan da yamma Auta ya zo da wata doguwar jaka rataye a kafaɗa. Kamfanin matarsa zai yi babban taron cin abinci, za a kira ta gaban jama'a a karrama ta. Ta yi odar riga tun daga ƙasar waje, rigar ta iso, amma zif ya ƙi rufuwa, domin jikinta bai koma yadda yake kafin haihuwa ba. Telolin da ta sani duk sun ce aiki ya yi musu yawa. Ya danna waya ya miƙa wa Goggo.

"Yaya, don Allah ki taimake ni," in ji muryar matar Auta, tana zuba zaƙi. "Ɗan saki kawai za ki yi ta ƙugu. Amma ki lallaɓa ta, wallahi duk garin nan babu irinta."

Goggo ta zuge jakar. Leshi ne ruwan zuma, an yi masa shafi da siliki mai santsi, an jera ƙananan duwatsu daga wuya har ƙirji. Ta shafa shi da bayan hannu.

"Yadi mai kyau," ta ce. "Sabo ne kuwa. Ki kwantar da hankalinki, ni zan kawo miki da kaina ranar taron."

Washegari da safe ta share tebur, ta shimfiɗa rigar, ta wasa almakashi. Ta ɗauko kwalayenta na fitar da kayan jarirai ta jera a kan gaban rigar, ta bi su da alli. Ta sa almakashi. Ƙarar yankan farko ta yi mata daɗi har cikin haƙora.

Ba ta taɓa yin aiki mai kyau irin na wannan makon ba. Ta cire duwatsun ɗaya bayan ɗaya ta zuba a kwalba, don kar yaro ya haɗiye. Daga gaban rigar ta fitar da riga da wando daidai jikin yaron. Daga hannuwa ta fitar da hula da ƙyallen wuya. Silikin shafin ta yi cikin takalmi da shi, leshin a waje, ta sa roba mai laushi a dunduniya. Bayan rigar, inda zif yake, ta yanka gida huɗu ta kalmasa gefunan tsaf. Mai guga ta leƙo ta taga ta ga abin da ake ciki, ta dafe ƙirji.

"Goggo! Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani sarai. Ara mini dutsen gugarki, nawa ba ya zafi sosai."

Ranar taron ta yi wanka, ta sa kayanta na fita, ta ɗauki kwali ɗaure da kirtani mai ado. Ta same su ana ta shiri. Matar Auta tana zaune gaban madubi, mai kwalliya ta gama mata fuska, gashi ya sha gyara, takalmi da jaka ruwan zuma suna jira a kan gado.

"Yauwa Yaya, har na fara tsorata! Ta saku?"

"Buɗe ki gani."

Matar Auta ta kwance kirtanin. Ta ɗago 'yar riga. Ta ɗago wando. Ta ɗago takalmin, ta juya shi a tafin hannunta, fuskarta ba ta gane ba tukuna. Sai da ta ga zif ɗin kwance shi kaɗai a ƙasan kwalin, kusa da kwalbar duwatsu, sannan bakinta ya buɗe.

"Ina rigata?"

"Ga ta nan duka, ko ƙyalle ban rage ba," in ji Goggo. "Kin ce ɗanki ba ya sa tsohon yadi, sai sabo mai tsada. Na duba, ban ga wanda ya fi wannan ba. Waɗannan huɗun kuma na firij ne. Na ga kuna fama da rashin tsumma."

Ihun da matar Auta ta yi ya tashi yaron daga barci. Auta ya shigo a guje da maɓallin riga a buɗe. Mai kwalliya ta tattara kayanta ta lallaɓa ta fice. Hawaye ya jawo baƙin kwalli ya sauko har haɓa, matar Auta tana nuna Goggo da yatsa, magana ta ƙi fita daidai. Auta ya dubi kwalin, ya dubi yayarsa.

"Yaya, me ya kai ki? Me ta yi miki haka?"

Goggo ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ƙyalle ne fa, Auta. Kar ka ɗauka da zafi."

Ta sauko daga benen a hankali, tana jin kukan har bakin ƙofar waje. A hanya ta ji jikinta sakayau, kamar wadda ta sauke tulu daga ka. Ta ci abinci sosai a ranar, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Daga baya labari ya iso mata cewa matar Auta ta je taron a makare, cikin rigar aro da ta yi mata yawa, an kira sunanta tun kafin ta iso. Auta ya zo bayan kwana biyu, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. Ya ce matarsa ta rantse Goggo ba za ta sake taka gidanta ba, ba za ta sake ɗaukar yaron ba, sai ta zo ta ba da haƙuri.

"Ita ta ba ni?"

"Yaya, ke ce babba."

"Ai ranar da ka kwanta kana danna waya ma ni ce babba. Je ka ce mata ban yi nadama ba. In ta sake kawo wata ma zan yanka."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya juya. Ta bi bayansa da kallo har ya fita, ta ga yadda kafaɗarsa ta faɗi, ranta ya sosu, amma ba ta kira shi ba.

Haka aka zauna. Auta yakan kira ta a waya jefi-jefi, gaisuwa a gajarce. A bakin mutane ta ji yaron ya yi haƙori, a bakin mutane ta ji ya fara tafiya. Mai guga takan ce, "To yanzu wa aka cuta?" Goggo takan ce, "Kowa ya ji a jikinsa," ta ci gaba da taka feda. Wani lokaci in tana ɗinka wa ɗan wasu takalmi, sai ta tsaya tana lissafin ko ƙafarsa ta kai ina yanzu.

Wata ranar Asabar ta fito daga shagon zare, sai ga matar Auta a ɗaya gefen titin, riƙe da hannun yaron. Ya yi tsawo, yana tafe yana tangal-tangal cikin takalmin kanti mai fitila a dunduniya. Matar Auta ta gan ta, ta kau da kai, ta ƙara sauri. Yaron ya yi tuntuɓe, ta ɗago shi, ya sake yi.

Goggo ta ɗaga murya ta ƙetare hayaniyar motoci. "Takalmin a juye yake! Na dama yana hagu!"

Matar Auta ba ta waiga ba. Ta ja yaron har bakin wani kantin magani, inda take zaton an daina hango ta, sannan ta tsugunna ta cire masa takalman ta musanya. Yaron ya dafa kafaɗar uwarsa yana kallon titi, idonsa ya bi ta kan Goggo ya wuce, bai gane ta ba.

Goggo ta tsaya har suka sha kwana. Ta duba ledarta ta ga ta manta farin zare, ta koma shagon.